NI'IMAR HANCI: Fadakarwa Ga Wadda Ta Daina Jin Ƙanshi Da Waɗanda Ke Zaune Da Ita

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata surarsa. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, fadakarwarmu ta wannan fitowa za ta tsaya ne a kan wata ni'ima da muke kwana muke tashi da ita amma da wuya ki ji an ambace ta a wurin wa'azi, wato jin ƙanshi da wari. In makanta ta sami mace, unguwa duka za ta sani, a zo jaje, a nemo mata ɗan jagora. In kurumta ce ma haka. Amma wadda hancinta ya daina aiki, ga ta nan garau a ido, tana shara tana girki, ba wanda ya san abin da take fama da shi. Wani lokaci ita kanta sai ta yi watanni ba ta gane abin da ya same ta ba, sai dai ta ga abinci ya fita ranta, maigida kuma ya fara ƙorafin cewa girkinta ya canza. Allah (SWT) Ya gaya mana a Suratu Ibrahim aya ta 34 da Suratun Nahli aya ta 18 cewa ni'imominSa sun fi ƙarfin ƙidayarmu. To yau bari mu ƙirga wannan guda ɗaya, mu ga hakkin da ke kanmu game da ita.

YADDA ALLAH YA TSARA HANCI

Ki lura da harshenmu na Hausa kawai, ki ga yawan sunayen da muka ba abin da hanci ke kawo mana. Akwai ƙanshi, akwai wari da ɗoyi, akwai ƙauri in tukunya ta kama, akwai ƙarni na kifi ko jini, akwai zarni a shimfiɗar yaro, akwai hamami. Kowanne daga cikinsu labari ne yake kawo wa uwargida tun kafin idonta ya kai wurin. Tana tsakar gida tana wanki za ta ce wa 'yarta, "Ke, je ki sauke shinkafar nan, ta kama." Ba ta gani ba, hanci ne ya gaya mata.

Masana jikin ɗan Adam sun bayyana cewa can sama a rufin kogon hanci, daidai tsakanin idanu, akwai wani ɗan wuri ƙarami mai ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin jijiya. Duk abin da ke da ƙanshi yana sakin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi a iska, in kin shaƙa su kai wannan wuri. Daga nan siraran jijiyoyi su ɗauki saƙon su ratsa ta wani ƙashi mai huji-huji kamar rariya su shiga ƙwaƙwalwa. A shekarar 1991 wasu masana biyu a Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka gano asalin na'urorin da ke karɓar ƙanshin, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2004. An gano cewa ɗan Adam yana da irin waɗannan na'urori kusan iri 400, kuma haɗuwar saƙonninsu ce ke sa ki bambance ƙanshin daddawa da na man shanu ko da idonki a rufe.

Saƙon ƙanshi yana isa kusa da sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tunawa da abin da ke sosa rai. Shi ya sa ƙanshin ƙasa a ruwan farko ke mayar da ke gidanku na ƙuruciya, turaren da mahaifiyarki take sawa kuma ya sa ki ƙwalla ko da ta shekara ashirin da rasuwa.

Hausawa na cewa hanci bai san daɗin gishiri ba, kuma gaskiya suka faɗa, domin gishiri aikin harshe ne. Sai dai abin da harshe ke ganewa kaɗan ne: zaƙi, da gishiri, da tsami, da ɗaci, da kuma irin garɗin nan na nama da daddawa. Sauran duk abin da muke kira daɗin abinci, wanda ya raba miyar kuka da ta kuɓewa, ta bayan maƙogwaro yake hawa zuwa hanci lokacin da ake tauna. Wannan ne dalilin da mai mura ke cewa bakinta ba daɗi.

AYA A CIKIN DABBOBI

'Yar uwa, ba sai kin je nesa ba, ki leƙa garken da ke bayan ɗakinki. In akuya ko tunkiya ta haihu, abin da take fara yi shi ne lasar ɗanta tana sansanarsa. Cikin 'yan sa'o'i ta riƙe ƙanshinsa, daga nan duk ɗan da ya zo shan nono sai ta sansana bayansa, in ba nata ba ne ta tunkuɗe shi. Shi ya sa masu kiwo, in uwa ta mutu ta bar ɗa, sukan shafa masa ruwan haihuwar wata da ta haihu a lokacin don ta karɓe shi. Jaririn ɗan Adam ma tun yana ɗan kwanaki yake gane ƙanshin nonon mahaifiyarsa ya juya kansa wajensa. Wa ya koya masa? Tsarki ya tabbata ga Allah.

Ki dubi tururuwa, wadda Allah Ya ambaci sura guda da sunanta. In ɗaya ta gano inda kika ajiye mazarƙwaila, tana komawa tana barin alamar ƙanshi a ƙasa, sauran su bi sahu a jere. Ki goge tsakiyar layin da yatsa ki gani, sai su rikice na ɗan lokaci. Ƙudan zuma ma ƙanshin fure na cikin abin da ke kai shi inda zai samo abincinsa. Sauro kuwa, mai kawo mana zazzaɓin da ke kwantar da 'ya'yanmu duk damina, da numfashinmu da warin jikinmu yake gano mu cikin duhu.

Kare ya yi fice a wannan fage. Masana suna ƙiyasta cewa ƙwayoyin jin ƙanshi a hancin wasu karnuka sun kai kusan miliyan 300, na ɗan Adam kuwa kamar miliyan 6. Da wannan baiwa yake bin sawun zomo a dawa, da ita kuma jami'an tsaro ke sa shi gano miyagun ƙwayoyi a filin jirgin sama. Shari'a ta san da wannan amfani, domin a Suratul Ma'ida aya ta 4 an halatta mana abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo in an ambaci sunan Allah, hadisi kuma ya yi rangwamen riƙe kare don farauta ko tsaron gona ko kiwo.

Har gafiya, wadda muke kora daga rumbu, an samo mata aiki. A garin Morogoro na ƙasar Tanzaniya, wata ƙungiya mai suna APOPO tana horar da wani nau'in gafiya yana gano nakiyar da aka binne a ƙasa lokacin yaƙi, yana kuma gano cutar tarin fuka ta hanyar sansanar majinar marar lafiya. Allah bai halicci komai a banza ba.

MATSAYIN ƘANSHI A ADDININMU

Duk mun san ƙissar Annabi Yusuf (AS). A ƙarshen surar, daga aya ta 93 zuwa ta 96, ya ba 'yan uwansa rigarsa ya ce su kai wa mahaifinsu. Ayari na fitowa daga Masar, Annabi Yakubu (AS) yana can ƙasarsu, idanunsa sun tafi saboda kuka, ya shaida wa na kusa da shi cewa yana jin ƙanshin Yusuf. Suka ɗauka tsohuwar damuwarsa ce ta motsa. Ashe bushara ce Allah Ya aiko masa ta hanci kafin ta iso ta baki, sannan aka ɗora masa rigar a fuska ganinsa ya dawo.

Manzon Allah (SAW) ya kasance mai son turare, ba ya mayar da shi in an ba shi kyauta. Anas ɗan Malik (RA), wanda ya yi masa hidima shekara goma, ya ba da shaida cewa bai taɓa shaƙar almiskin da ya kai ƙanshin jikinsa ba. Ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci, saboda abin da ke cutar da mutane yana cutar da mala'iku. Ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da almiski, wanda ko ba ki saya ba za ki tashi da ƙanshi, mugun aboki kuma da mai zuga wutar maƙera. A alwala ma an sunnanta mana shaƙa ruwa da fyacewa, kin ga kullum sai mun wanke wannan gaɓa sau da dama.

Malaman fikihu ba su ɗauki abin da wasa ba. Mafi yawansu sun tafi a kan cewa wanda ya ji wa wani rauni har ya rasa jin ƙanshi gaba ɗaya, diyya cikakkiya ce a kansa, kamar wanda ya kawar wa mutum ji ko gani. To abin da Shari'a ta yi wa wannan kima, bai kamata mu mu riƙa ce wa mai fama da shi "ai wannan ba ciwo ba ne" ba.

ME KE KAWO WANNAN LALURA?

Abin da ya fi yawa shi ne mura da toshewar hanci, musamman lokacin hunturu da ƙura, kuma wannan yakan wuce in murar ta warke. Akwai kumburin kogon hanci da ke daɗewa, akwai tsiro da ke fitowa a ciki ya tare hanyar iska. Akwai kuma ƙwayoyin cuta da ke taɓa wurin jin ƙanshin kansa, har hanci ya buɗe amma ƙanshi bai dawo ba. Da yawanmu mun fara jin labarin wannan ne a shekarar 2020, lokacin annobar korona, wadda ta sa aka rufe jihar Kaduna a ƙarshen watan Maris na shekarar. Ɗaukewar ƙanshi farat ɗaya na cikin manyan alamomin cutar. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa sun dawo daidai cikin makonni, wasu sun ɗauki watanni, wasu kuma da ya fara dawowa sai ya dawo a karkace, soyayyen nama ko albasa ya riƙa yi musu wari kamar ruɓaɓɓen abu.

Buguwar kai ma tana kawo shi. Jijiyoyin nan da suka ratsa ƙashi mai kama da rariya sirara ne ƙwarai, girgizar faɗuwa daga babur tana iya tsinka su. Mu da babur ne abin hawanmu daga Paki zuwa Ikara, daga Gazara zuwa Makarfi, daga Likoro zuwa Hunkuyi, sai mu kula, mu kuma matsa wa mazajenmu da samarinmu su riƙa sa hular kwano. A nan kuma zan ja kunnen masu dukan yaro ko mace a ka: ku ji tsoron Allah, kuna iya raba mutum da ni'imar da ba ku da ikon mayar masa.

Shan taba yana dakusar da hanci, haka yawan shaƙar sinadarai masu ƙarfi. Tsufa ma yana rage shi a hankali, shi ya sa za ki ga Iya ko Inna tana ƙara gishiri a kwanonta tana cewa 'yan matan yanzu ba su iya miya ba. A wasu tsofaffin, raguwar jin ƙanshi kan riga cutar karkarwar jiki ko ta mantuwa bayyana. Akwai kuma 'yan kaɗan da haka aka haife su.

ABIN DA YAKE JAWOWA A GIDAN AURE

A nan ne maganar ta fi shafarmu. Mace ta shekara goma ana yabon girkinta, sai ga shi yau miya ta yi gishiri, gobe tuwo ya yi ƙauri, jibi ta zuba daddawar da ta lalace. Maigida ya ce raini ne ko ta daina damuwa da shi. Uwar miji ta ce sakaci ne. In akwai abokiyar zama, sai a fara gwada kwano da kwano. Ita kuma baiwar Allah ta rasa ta cewa, domin a bakinta komai ɗaya ne. Daga nan sai zargi ya shigo, a ce an yi mata asiri, a ɗora wa kishiya ko maƙwabciya, a kwashi kuɗin cefane a kai wa boka. Allah Ya hane mu yawan zato a Suratul Hujurati aya ta 12, zuwa wurin boka kuwa kin san hukuncinsa. Zumunci ya lalace, imani ya taɓu, alhali wataƙila tsiro ne a hanci da likita zai iya magancewa.

Wani abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne, wadda ba ta jin ƙanshi tana iya yin atishawa in ana suyar barkono, tana jin sanyin man zafi a hancinta. Sai a ce, "Ai ga shi kina ji, ƙarya kike yi." Ba ƙarya take yi ba. Yaji da sanyi da raɗaɗi wata jijiya ce dabam ke ɗaukar su, ita kuma lafiyarta ƙalau.

Sai maganar sana'a. Matanmu da yawa da hanci suke cin abinci: mai daddawa, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai fura da nono, mai abincin sayarwa, mai haɗa turaren wuta da humra. Ƙasar Makarfi da Kudan ƙasar rake ce, mai dafa mazarƙwaila kuma ƙanshi na cikin abin da ke gaya masa ta kusa ƙonewa. Mai ajiye busasshen tumatir da tattasai da masara a ƙasar Ikara, da hanci take fara gane fumfuna ta shiga buhu. Wadda ta rasa wannan, jarinta ne ke cikin haɗari.

Akwai kuma ciwon zuci da ba a faɗa. Uwa ta ɗauki jaririnta ba ta jin ƙanshinsa. Mace ta shiga taron biki tana ta tsarguwa ko jikinta na wari ba ta sani ba, har ta daina fita, ta daina zuwa makaranta. Wata ta rame don abinci ya fita ranta, wata ta koma zabga gishiri da sukari don ta ji wani abu a baki, hawan jini ko ciwon suga ya biyo baya.

TSARKI DA IBADA GA MAI WANNAN LALURA

Mun karanta tun a Ishmawi da Iziyya cewa ana duba ruwan tsarki ta siffofi uku: launi, da ɗanɗano, da ƙanshi. In najasa ta canza ɗaya daga ciki, ba a alwala da shi, ba a girki da shi. To yaya wadda ba ta jin wari za ta yi? Asali dai ruwa mai tsarki ne har sai an tabbatar da akasin haka, saboda haka kada ta ɗora wa kanta waswasi. Ta dubi launinsa, in tana da dalilin shakka, kamar rijiyar da ke kusa da masai ko randar da aka bari a buɗe, ta sa wani amintacce ya sansana mata. In ya ce ya canza, ya kuma bayyana abin da ya canza shi, ta karɓi maganarsa.

Game da alwala, akwai hadisin mutumin da ke jin kamar wani abu ya fita daga gare shi yana cikin salla, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi kada ya fita sai ya ji sauti ko wari. Malamai sun bayyana cewa abin nufi shi ne samun yaƙini. Don haka wadda ta tabbata iska ta fita, alwalarta ta warware ko ba ta ji warin komai ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, wadda ta yi shakkar warwarewar alwala kafin ta tayar da salla za ta sake, sai fa in shakkar ta zame mata jiki tana zuwa mata kullum, to wannan ta yi watsi da ita.

Mai goyo kuma, wadda da zarni take gane yaro ya ɓata mata zane, malamanmu sun yi mata sauƙi matuƙar tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa, sun kuma so ta ware tufafi na musamman don salla. In ta yi salla sannan ta ga najasa a tufafinta wadda ba ta san da ita ba, ta sake matuƙar lokacin sallar bai fita ba. Wadda jinin ciwo ya haɗe mata da na al'ada, wadda a da wari ke taimaka mata wajen bambancewa, ta dogara da sauran alamomi kamar launi da kauri, ta kuma kai wa malama bayaninta dalla-dalla, domin mas'alar tana da rassa.

Sai turare. An hana mace fita tana tashin ƙanshi a gaban mazan da ba muharramanta ba, ko da masallaci za ta. Wadda ba ta ji tana iya yin wanka da turare ba ta sani ba. Ta tsayar wa kanta ƙa'ida, ta ware mayafi da hijabin fita waɗanda ba a turara su. A cikin ɗakinta kuwa kada ta ce tunda ba ta ji ta daina, domin maigida yana ji, kuma ladanta na nan.

MATAKAN KARIYA DA NEMAN MAGANI

Na farko, ki faɗa. Ki zaunar da maigida ki yi masa bayani, manyan 'ya'yanki ma su sani. Ɓoyewa ce ke haifar da zargi.

Na biyu, ki je asibiti in abin ya wuce mako biyu zuwa uku bayan mura ta warke. Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani. Ki fara da asibitin da ke kusa da ke a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi. In da buƙata za a tura ki wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kada a jira ko kaɗan in abin ya biyo bayan buguwar kai, ko kafar hanci ɗaya ce ta toshe tana zubar da jini, ko akwai ciwon kai mai tsanani da matsalar gani. Iyaye kuma ku riƙe wannan: yaron da kafar hancinsa ɗaya ke zubar da majina mai ɗoyi, galibi wani abu ya cusa, ƙwayar masara ko wake ko dutsen ado. Kada a zaƙulo da tsinke, a kai shi asibiti.

Na uku, ki guji cusa tafarnuwa ko garin magani ko mai mai zafi a hanci. Maganin ɗigawa na buɗe hanci da ake saya a kemis ma, in aka wuce 'yan kwanaki ana sa shi, toshewar ƙaruwa take yi.

Na huɗu, akwai horon hanci. Cikin rahamar Allah, ƙwayoyin jin ƙanshi suna cikin 'yan jijiyoyin da ke sake tsirowa. A 2009 wani likita a birnin Dresden na Jamus, Thomas Hummel, da abokan aikinsa suka nuna cewa shaƙar ƙanshi iri huɗu, safe da yamma har mako 12, yana taimaka wa wasu masu lalurar. Sun yi amfani da ƙanshin furen wardi, da lemun tsami, da kanumfari, da na ganyen bishiyar zaiti. Ki samu 'yan kwalabe masu murfi ki zuba kowanne dabam, ki riƙa shaƙar kowanne a hankali kamar daƙiƙa 20, kina tuno yadda kika san ƙanshinsa a da. Abin yana son haƙuri na watanni, kuma ba kowa yake dawo wa gaba ɗaya ba, amma ba ya cin kuɗi, ba ya cutarwa.

Na biyar, ki tsare gidanki. Iskar gas ta girki asalinta ba ta da wari, kamfani ne ke zuba mata wani sinadari mai ɗoyi don a gane in tana zuba. Wadda ba ta ji ba ta da wannan kariya. Ki riƙa rufe kan tukunyar gas da zarar kin gama, ki bar taga a buɗe, ki sa wani ya shiga kicin kafin ki ƙyasta ashana da safe, ki riƙa shafa ruwan kumfar sabulu a mahaɗar tiyo, in ya yi ƙwai-ƙwai to yana zuba. Kada ki bar tukunya a wuta ki shiga ɗaki. Abincin da ya kwana, wani ya sansana kafin a ba yara. Gishiri da magi ki koma aunawa da cokali yadda kika saba tun da, ki sa 'yarki ta ɗanɗana. Maganin feshi na gona da fiya-fiya a bar su a robarsu nesa da kayan abinci, kada a sake zuba ruwa ko mai a robar da suka ƙare.

Wani gargaɗin kuma ya shafi kowa da kowa. Gawayin da ke ci a kasko da janareta suna fitar da wata iska mai kisa wadda ba ta da wari sam, mai lafiyayyen hanci ma ba ya jin ta. Kada a kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, kada a kunna janareta a cikin ɗaki ko a bakin taga.

KIRA GA MAIGIDA DA 'YAN UWA

'Yar uwa, ki miƙa wa maigida wannan shafi ya karanta. Malam, Nana A'isha (RA) da sauran iyayen muminai sun zauna da mijin da bai taɓa kushe abinci ba, kamar yadda Abu Huraira (RA) ya ruwaito: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. In girkin iyalinka ya canza, ka tambayi lafiyarta kafin ka tuhume ta, ka kuma ɗauki nauyin kai ta asibiti.

Ke kuma abokiyar zama, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ranar girkinta ki leƙa ki ɗanɗana mata miya, in kin ji ƙauri ki sauke mata tukunya, in kin ji wani abu a jikinta ko ɗakinta ki gaya mata a asirce cikin mutunci. Wanda ya rufa asirin Musulmi, Allah zai rufa nasa. Shugabannin rassanmu kuma su sa wannan batu cikin darussan ajin matan aure, su gayyato ma'aikaciyar lafiya ta yi bayani, su kuma tuna da tsofaffin da ke girki su kaɗai.

Ke da Allah Ya jarrabe ki da wannan, ki sani ko ƙaya ce ta soki mumini ana kankare masa zunubi da ita, balle abin da kike haƙuri da shi a kowace loma. Ki nemi magani, ki yawaita addu'a, kada ki yanke ƙauna. Ki tuna Aljanna tana da ƙanshin da hadisi ya ce ana jiyo shi daga tafiyar shekara 40, kuma Anas ɗan Nadri (RA) ya jiyo shi a ranar Uhudu kafin ya yi shahada. Mu da namu hancin ke aiki kuma, mu gode wa Allah ta hanyar tsabtar jiki da gida, mu nisanci ayyukan da aka ce suna hana mace shaƙar wancan ƙanshi, irin su fita da shigar da ke bayyana tsiraici, da neman saki ba tare da wata cuta da ake yi mata ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa muna cikin masu shaƙar ƙanshin Aljanna. Amin.